Gilashin Taguwa

Litinin, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya Dogo ya zo jiya ya yanke magana. Ranar Asabar ta farko a watan Yuni, bayan an rufe makarantu, zai zo da 'ya'yansa maza su ɗauki mijina Meder su mai da shi ƙauye, gidan da aka haife su. Wai a can akwai hannu da yawa. Wai matarsa ta riga ta share ɗakin baya, wanda ba hayaniya.

Duk wannan a gaban Meder ya faɗa, a kan tebur ɗaya, amma ni yake kallo. "Amarya, kin yi ƙoƙari, kowa ya shaida. To amma ke kaɗai ce, ga aikin makaranta. Shi kuma ai bai san inda yake ba. Da nan da can duk ɗaya ne a wurinsa."

Furfura ta fito mini a gidan nan, har yau amarya nake. Na ƙara masa shayi, na miƙa masa da ladabi. Matar ƙane ba ta mayar wa wan mijinta magana, ko sunansa ba ta kamawa, shi ya sa a nan ma Yaya Dogo nake rubutawa. Amma takarda ba suruka ba ce, zan faɗa mata: ba inda za a kai shi.

Meder ya san inda yake. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi a watan Maris bakinsa bai sake ba da kalma ba, hannun dama da ƙafar dama sun daina jin kira, amma mutumin yana nan ciki. Ni malamar makaranta ce. Na san idon yaron da ya gane darasi ya kasa faɗa, na kuma san idon wanda hankalinsa ya tafi kasuwa. Da aka ce "duk ɗaya ne a wurinsa", kunnuwansa sun yi ja jawur. Ni kaɗai na gani, don ni kaɗai ke kallonsa.

Laraba, 10 ga Mayu, da yamma

Na fitar da shi shan iska a cikin Taguwa. Tsohuwar motarmu ke nan, 'yar Japan, sitiyarinta a dama. Meder da kansa ya ɗaga mata rufi har ta yi tozo kamar taguwa, wato macen raƙumi, ya kafa mata gado da murhu da kabad, daga nan sunan ya bi ta. Kowane dogon hutu a cikinta muke loda tantuna da tukwane mu kai yaran ƙungiyata ta labarin ƙasa cikin duwatsu, su a bas, mu a gaba. Yanzu ni ce direba, shi a kujerar hagu. Na kashe ta sau biyu kafin mu fita daga garinmu Karakol. Sau biyun duka ya rufe ido kamar wanda aka taka wa yatsa.

A hanyar tafki muka haɗu da Tsoho Asanali mai dawaki, a kan dokinsa. Meder bai taɓa wuce mutum da gilashi a rufe ba. Ko kare ya sani a hanya sai ya sauke ya tambaye shi mutan gida. A wajenmu wanda ya wuce ka da gilashi a rufe, ko dai girman kai ya kama shi ko kuwa ba ya cikin hayyacinsa.

Na tsaya. Meder ya kai hannun hagu kan mariƙin da ake murɗawa a sauke gilashi. Wannan mariƙin ko da yana da lafiya sai ya ciza leɓe kafin ya motsa. Ya tura, ya tura, mariƙin ya ƙi juyawa. Kafin in kwance ɗamarar kujera in miƙo ta kansa, Asanali ya sunkuyo daga kan doki, ya leƙa ta gilashi, ya girgiza kai irin na mai ta'aziyya, ya ɗaga mini hannu ni, ya karya linzami ya wuce.

Har muka dawo gida Meder bai ɗauke ido daga kan mariƙin nan ba.

Alhamis, 11 ga Mayu, da safe

Bai ci abinci ba. Ni ma.

Juma'a, 12 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Na je garejin Ermek mai gyaran wayar mota. Ɗalibina ne a da, yanzu uban 'ya'ya uku da tumbi. Shi ne wanda ya taɓa zana mini taswira ya kai tafkinmu cikin ƙasar Sin, kuma har ya bar makaranta bai bambance gabas da yamma ba.

Yana ganina ya miƙe tsaye ya ɓoye taba a bayansa. "Malama! Wallahi na yi aikin gida, akuya ce ta cinye."

"Ermek, wannan tumbin duk naka ne?"

"Na matata ne, Malama, ajiya ta ba ni."

Na ce ina so a cire wa Taguwa mariƙin gilashi, a sa mata na lantarki, wanda yatsa ɗaya zai isa. Ya yi dariya har ya riƙe ajiyar matarsa. "Malama, wannan motar ta girmi aurena. Kamar a sa wa kakata takalmi mai tsini ne." Sai ya kalli fuskata, dariyar ta tsaya. "Don Yaya Meder ne?"

Na ce don shi ne.

Ya jawo mini kujera, ya share ta da hularsa. Ya ce hanya biyu ce. Akwai ɗan ƙaramin inji da ake sayarwa a kwali, a ɗaura shi a kan ƙarfen mariƙin ya riƙa murɗawa a madadin mutum. Ba wuya, amma ba shi da ƙarfi, sanyi ɗaya zai kwanta. Ko kuma a nemo 'yar'uwar Taguwa da ta mutu, irin waɗanda aka ƙero da gilashin lantarki tun asali, a kwaso kayan cikin ƙofofinta kaf: inji, ƙarfen da ke ɗaga gilashi, wayoyi, maɓallai, har da bangon ƙofar na ciki. Wannan sai an je babbar kasuwar kayan mota a Bishkek, babban birnin ƙasarmu.

Na ce na biyun. Ban koya wa kowa rabin darasi ba, ba zan sa wa mijina rabin taga ba.

"Sai yaushe ake so?"

"Kafin uku ga wata mai kamawa."

"Me zai faru ranar?"

"Ba abin da zai faru. Shi ya sa nake so kafin ranar."

Litinin, 15 ga Mayu, da yamma

Faccalata, Yaya Sairakul matar Yaya Dogo, ta bugo waya. Mace ce ta kirki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ɗinka sabuwar katifa. Ta tambaye ni ko yana iya haɗiye nama ko sai an daka. Ta ce, "Burul, ki dubi kanki a madubi, kin zama tsinke. Ki bari a taya ki. Duk ƙarshen mako ai kya zo ki gan shi."

Na tambaye ta tagar ɗakin ina take kallo. Ta ce garken tumaki.

Mutumin da ya san sunan kowane dutse daga nan har kan iyaka.

Na yi mata godiya. Har da addu'a na yi mata.

Laraba, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Ermek ya tafi Bishkek, amma kafin ya tafi ya nuna mini yadda ake cire bangon ƙofa, ya ce in rage masa aiki. Ashe abin sha'awa ne! Mariƙin nan da ya hana mu barci, wata 'yar siririyar waya ce mai kamar kofaton doki ke riƙe da shi. Ka cusa tsumma a bayansa ka ja gefe da gefe, sai ta yi tsalle ta fita. Tawa ta yi tsalle ta faɗa cikin ciyawa, har yanzu ban gan ta ba, ba kuma na nemanta. A bayan bangon akwai leda, a bayan ledar akwai ƙarafa biyu da suka gitta kamar almakashi, su ke ɗaga gilashin. Giris ɗinsu ya bushe ya zama dutse. A ƙasan ƙofar kuwa ɓawon 'ya'yan kabewa ne cike, na shekara da shekaru. Da na nuna wa Meder sai ya kalli sama, wai shi bai san zancen ba.

Da yarana sun ga wannan da sun gane darasin ma'auni da na sha wuyar koya musu a allo.

Ina cikin haka, hannuna baƙi ƙirin, wani mutum ya shigo tsakar gida yana bubbuga tayar Taguwa da ƙafa. Wai Yaya Dogo ya ce masa za a sayar, shi kuma dankali yake son ya riƙa ɗauka da ita, in an fitar da gadon nan da tarkace.

Bawan Allah bai san abin da ya taka ba. Duk maganar da na haɗiye a gaban Yaya Dogo, shi na juye wa. Shi ai ba wan mijina ba ne. Na ce masa ya ɗauke ƙafarsa daga kan tayar nan, mai motar yana zaune ga shi can, in ciniki yake so ya je ya gaishe shi tukuna. Ya waiga ya ga Meder a kujera a gindin tuffa. Ya ce, "Ai an ce mini ba ya..." Na ce, "An ce maka me?" Ya fita yana gyara hula.

Asabar, 20 ga Mayu, da azahar

Kaya sun zo, cikin buhu biyu, suna warin tsohon mai. Ermek ya ce motar da ya samo gabanta ya lotse amma ƙofofinta ko ƙwarzane babu. "Malama, sai da na zaga kasuwar nan har takalmina ya yi magana."

Muka fitar da tsohon almakashin, ni na riƙe gilashi da tafin hannu biyu kada ya zame ya fashe a cikin ƙofa, shi yana zura sabon ta wani rami da ba za ka ce zai shiga ba. Na jawo kujerar Meder kusa, na aza akwatin kayan aikinsa a cinyarsa. Ermek yana kwance rabinsa a cikin mota, ya miƙo hannu baya yana lalube, yana cewa, "Wai ina sifana mai lamba goma ta shiga?" Sai aka sa masa ita a tafin hannu. Ya ci gaba da ɗaure noti. Can sai ya tsaya cak. Ya fito da kai ya ga hannuwana biyu a kan gilashi.

"Yaya Meder, kai ne?"

Meder ya nuna masa notin da haɓa, wato yi aikinka.

Ermek ya mai da kai cikin mota, ya daɗe a ciki yana jan hanci. Wai ƙura ce.

Da Ermek ya tafi na buga wa Yaya Sairakul waya na ba ta labari don ta isar wa mijinta. Ta isar. Amsar da ta dawo: amarya tana ganin abin da take son gani.

Lahadi, 21 ga Mayu, da hantsi

Ba zan rubuta abin da ya faru a banɗaki ba.

Zan dai rubuta cewa yana da nauyi, ni kuma ba ni da shi. Cewa mun daɗe a ƙasa mu biyu, a kan siminti mai sanyi, kafin maƙwabcinmu ya ji kirana. Cewa bayan an mai da shi gado na kawo masa shayi ya ture kofin da hannunsa mai kyau, ya fashe, kofin da mahaifiyarsa ta ba ni.

Yaya Dogo yana da 'ya'ya maza masu ƙarfi. Wannan gaskiya ce. Ba mugu ba ne, ƙanensa ne, shi ya goya shi. Ban taɓa hana ɗalibi maki don ba na son amsarsa ba.

Na share fasassun. Na dafa wani shayin.

Litinin, 22 ga Mayu, da safe

Goshinsa ya kumbura. Na sa masa hula. Ba inda za a kai shi.

Alhamis, 25 ga Mayu, da yamma

Yau aka kaɗa ƙararrawar ƙarshe a makaranta, bikin rufe shekarar karatu. 'Yan mata da fararen ƙyallaye a gashi, samari cikin kwat ɗin da ta fi su, iyaye suna kuka kamar yaƙi za a tafi. Furanni sun cika mini hannu har ba na ganin gabana. Ina son wannan ranar fiye da kowace rana a shekara, yau kuwa da ƙyar na tsaya a kan ƙafafuna.

Yaran ƙungiya suka tare ni a bakin ƙofa. Sun yi ta tura juna kafin su yi tambayar: bana za a je dutse? Na ce za a je. Suka ce da Baba Meder? Don shi ke koya musu kafa tanti da hura wuta da ɗanyen ice, shi ke ba su tsoro da labarin kyarkeci.

Na ce da shi.

Suka ce yaushe?

Ban shirya amsa ba, bakina ne ya riga ni. Na ce uku ga Yuni, ranar Asabar, da safe.

Na je na sanar da shugaban makaranta, na kama bas, na aika wa iyaye. Yanzu ko ina so ko ba na so, magana ta fita.

Asabar, 27 ga Mayu, bayan la'asar

Ermek! Ermek ɗan gidan gabas da yamma!

Injina sun zauna daram. Mun huda jikin ƙofa da jikin mota, mun zura wayoyi ta cikin roba don kada buɗewa da rufewa su cinye su, mun jawo wuta daga akwatin fiyus. Saura kawai a mayar da bangon ƙofofin da maɓallansu. Ermek ya ɗauko mai manyan maɓallai ya nufi ƙofar direba yana fito. Ya kara, bai zauna ba. Ya juya shi, bai zauna ba. Fiton ya tsaya.

Ga yadda abin yake. Ƙofar direba ita ke da sarauta: maɓallin gilashinta, maɓallin gilashin ɗaya gefen, da wani ɗan ƙarami da in an danna shi wancan gefen ba ya iya taɓa nasa gilashin sam. Ƙofar fasinja kuwa maɓalli ɗaya tak gare ta. To motar da Ermek ya kwaso wa kaya daga Jamus ta zo, sitiyarinta a hagu. Tamu daga Japan, sitiyari a dama. A titunanmu iri biyun suke gudu kafaɗa da kafaɗa har ido ya daina lura. Saboda haka sarautar ta faɗa ƙofar hagu, ƙofar Meder. Ni direba na tashi da maɓalli ɗaya, kamar baƙuwa a motata.

Na ce, "Ermek, ɗaga hannunka na dama."

Ya ɗaga, bayan ya yi tunani.

"Shekara nawa kana gyaran mota?"

"Malama, mai shagon ne ya ce iri ɗaya ce."

"A jarrabawa ma haka ka ce, na kusa da kai ne ya ce tafkin yana ƙasar Sin."

"Ai kuwa shi ma yanzu babban mutum ne a hukumar safiyo, Malama."

Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo mini har maƙogwaro. Ya ce zai koma Bishkek ya canzo, in an dace a samu, ko kuma ya yayyanka wayoyin ya sake haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ya fafe bangon ƙofata. Ko wanne zai ci mako, in bai fi ba. Na ce ba ni da mako. Ya ce to bari dai ya ɗaura su haka mu gwada injinan.

Muka taimaka wa Meder ya hau kujerarsa. Na murɗa makulli. Na buɗe baki zan yi masa bayani dalla-dalla, irin nawa, sai na ji wani ɗan gunji. Gilashinsa ya sauka har ƙasa. Ya hau. Ya sauka. Ya tsai da shi a tsakiya, ya ƙara ɗan yatsa ɗaya, kamar mai auna gishiri.

Ermek ya kawo sukurudireba zai cire bangon don ya tafi da shi. Meder ya kife tafin hannunsa a kan maɓallan. Ermek ya ce, "Yaya, kuskure ne, gyarawa zan yi." Hannun bai motsa ba. Ermek ya kalle ni. Na ce, "Ka ji mai mota."

Lahadi, 28 ga Mayu, da yamma

An yi ruwa. Muka fita duk da haka. Muna tsakiyar gari, daidai bakin kasuwa, gilashina ya sauka da kansa, ruwa ya watso mini a kunne. Na danna nawa ya hau. Ya sake sauka. Na danna, shiru, ya kulle ni. Na ce, "Meder, wallahi zan sauke ka a nan ka tafi da ƙafa!"

Sai na ji abin da na faɗa.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, mai kamar tsohuwar ƙofa. Na zaci shaƙewa ya yi, na taka birki. Ashe dariya ce. Rabin fuskarsa ke yi, amma dariya ce. Na kifa kai a sitiyari, masu motocin baya suna ta danna mana oda, kafaɗata ta jiƙe sharkaf.

Laraba, 31 ga Mayu, da azahar

Gilashinsa ya maƙale a rabi. Ba sama ba ƙasa. Fiyus ya ƙone, na sa wani, shi ma ya ƙone nan take. Ermek yana ƙauyen surukansa wajen biki, wayarsa a kashe.

Meder ya danna, ya danna, ya danna. Sannan ya aje hannun a cinya ya juya fuska.

Yaya Sairakul ta bugo ta ce in haɗa masa kayan sanyi, ɗakin yana da ɗan danshi.

Juma'a, 2 ga Yuni, da hantsi

Ermek ya zo da kayan biki a jikinsa, ko gida bai biya ba. Waya ɗaya ce ta fita daga cikin robarta, ƙofa ta daddatse ta har ta taɓa ƙarfe. Wa ya zura wannan wayar? Ya ce ni. Na ce shi. Muka kalli Meder, ya nuna ni. Ermek ya yi rawa a tsakar gida da tumbinsa. "Malama ta faɗi jarrabawa! A rubuta a allo!"

An naɗe, an gyara, yana aiki.

Na haɗa kayan sanyin kamar yadda aka ce. Na sa su a kabad ɗin Taguwa, tare da tantuna, da shinkafa, da buhun soyayyen burodi. Maƙwabcinmu ya yarda zai bi mu don ɗagawa da saukewa, ya ce dama ya gaji da matarsa. Ban gaya wa kowa a ƙauye komai ba. Ba ni da bakin da zan faɗa. Ban san abin da zan yi gobe ba in Yaya Dogo ya ce a fito da shi. A gaban 'ya'yansa ba zan iya ce masa a'a ba, ban taɓa ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Asabar, 3 ga Yuni, da azahar, a bakin rafi

Yara suna cin abinci. Bari in rubuta kafin su gama.

Da sassafe muka sa Meder a kujerarsa, da hularsa ta fita. Na tayar da mota ta yi ɗumi. Ina shirin fita motar Yaya Dogo ta tsaya a bakin ƙofar gida, ta tare hanya. Ya fito, 'ya'yansa biyu a bayansa, ɗaya riƙe da bargo.

Gilasanmu duka a sauke suke. Ya zo ta gefen hagu, don nan ne kusa da shi, ya dafa ƙofar, ya yi magana ta saman kan ƙanensa kamar ta saman buhu.

"Amarya, mene ne haka? Ai da kin bar shi a gado, yaran nan za su ɗauko shi. Kashe motar. Mutum a wannan hali ba a..."

Gilashi ya taso. Sannu a hankali, har sai da ya janye yatsunsa. Ya rufe ruf, bakin Yaya Dogo yana ta motsi a waje.

Ya ƙwanƙwasa da zobe. Fuskarsa ta canza. Ya zagayo ta gaban mota ya zo gefena. "Amarya! Ni kika rufe wa gilashi? A gaban 'ya'yana?"

Na sunkuyar da kai. Na ɗaga hannuwana biyu na aza su a saman sitiyari, inda kowa zai gani.

"Ina magana da ke. Na ce tun da ubanmu ya rasu ba a taɓa..."

Gilashina ya taso shi ma.

Ta cikinsa na ga idonsa a kan hannuwana. Na sauke ɗaya, na danna maɓallina a gabansa, na sake dannawa. Ko motsi. Ɗansa mai bargo ya ce wani abu, ya nuna ɗaya gefen.

Yaya Dogo ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma gefen hagu, ba da saurin da ya zo ba. Dogon mutum ne, sai da ya dafa gwiwoyi ya ranƙwafa kafin fuskarsa ta zo daidai da ta Meder. Tun watan Maris ban ga ya dube shi a ido ba.

Gilashin ya sauka faɗin tafin hannu.

"Meder," in ji shi. "Kai ne?"

Ya sauka har ƙasa.

"Kana jina?"

Meder ya kalle shi irin kallon da yake yi wa wanda ya tambaya ko ruwa na da laima.

"To ka ji. Gida na zo kai ka. An gyara maka ɗaki. Za ka bi ni?"

Gilashi ya hau, ruf.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya saki dariya, ya mai da ita tari. Yaya Dogo bai waiga ba. Ya ƙwanƙwasa, a hankali wannan karon, da yatsa ɗaya. Aka buɗe masa kaɗan.

"Ɗan banza. Tun kana ƙarami haka kake, sai an bi ka da sanda. To ina za ka? Dutse?"

Har ƙasa.

"Da wannan matar da ba ta iya tuƙi ba?"

Meder ya ɗan ɗaga gilashin kamar mai shawara, sannan ya mai da shi ƙasa. Wannan zan rama, ba yau ba.

Daga nan ya ɗauke yatsa daga kan maɓalli, ya fitar da hannun ta taga, ya buɗe tafinsa sama. Hannu ɗaya. A wajenmu babba ba ya ganin tafin matafiyi a buɗe ya wuce bai yi masa addu'a ba. Yaya Dogo ya kalli hannun nan. Ya miƙe, ya buɗe nasa biyun, 'ya'yansa suka yar da bargo suka buɗe nasu. Ya roƙa mana hanya mai sauƙi da dawowa lafiya, muryarsa tana tsinkewa. Muka shafa.

Bai kalle ni ba. Ya ce wa babban ɗansa, "Janye motar nan, ka tare wa mutane hanya." Ya ce wa ƙaramin, "Kai kuma in sun dawo ka kwaso kayanka ka zo nan ka zauna. Kawunka yana da nauyi." Sai ya ɗauki bargon ya kakkaɓe, ya cusa shi ta taga a kan cinyar Meder. "Can sama da sanyi."

Asabar, kafin magariba, a sansani

Tantuna sun tsaya, biyu a karkace. Yara sun kewaye kujerarsa, kowa yana kawo masa dutsen da ya tsinto, shi kuma yana ware na kirki da na banza da yatsa.

Tun daga gindin hawa har ƙoli gilashina a buɗe yake, a kulle. Ƙanƙara tana nan a gefen hanya, iska kamar wuƙa. Kunnena na dama har yanzu ba na jin sa. Na ce ya rufe mini. Na roƙe shi. Na yi masa barazana da miyar da ba gishiri.

Ya ƙi. Alhamdu lillahi, ya ƙi.